Yadda ƙwallon bayan isha'i ya raba ni da bacci, da yadda baccin ya dawo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni tela ne a nan Jos, shagona yana cikin gari ba nisa da Masallacin Juma'a, tun ina saurayi nake kan keken ɗinki har ga shi yanzu furfura ta fara fitowa. Abin da zan ba da labari a kai bacci ne da motsa jiki, wani zai ga kamar ba wata magana ba ce, amma wallahi duk wanda ya taɓa kwanciya jikinsa a gajiye liƙis idonsa ya ƙi rufuwa har ya ji kiran sallar farko, shi ya san abin da nake nufi. Yanzu na ga matasa da magidanta irina da yawa sun shiga harkar tirenin ɗin dare, wasu jim, wato gidan motsa jiki, wasu ƙwallo a filayen nan masu fitila, shi ya sa na ce bari in faɗi yadda tawa ta kasance.

Aikin tela zama ne, babu wani abu bayan zama. Ka shigo shago da safe ka hau kujera, in ka tashi sai dai sallah ko ka miƙe ka yanka yadi a tebur, abinci ma yaro ake aika ya kawo maka har gaban keke, shinkafa da wake da mai da yaji da rana, masa ko gurasa da yamma, ga lemon kwalba mai sanyi. Shekara da shekaru a haka tumbi ya fito, baya ya riƙe, in na sunkuya ɗaura takalmi sai na ji numfashi na yi min wuya. Sai kuma wani ciwon kai ya sako ni gaba, nan ta ƙeya, mai nauyi, tun ina shan Panadol yana lafawa har ya daina ji. Maman yara ce ta matsa sai na je asibiti, aka ɗaura min abin awo a hannu, likitan ya duba ya sake dubawa ya ce in dawo wani satin a ƙara gwadawa, na dawo, duk dai ya haura 140 bisa 90. Hawan jini kenan. Ya rubuta min magani, ya ce in rage gishiri da magi, sannan ya ce Malam dole sai ka motsa jiki, Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babban mutum ya samu aƙalla minti 150 a sati na motsa jiki matsakaici, in ka raba minti 30 kenan sau biyar a sati, ko tafiya da sauri ce ta wadatar. Maganar wane lokaci ne ya fi dacewa ba ta taso ba ranar, layi ya cika a waje, ni ma kuma hankalina yana kan lambar da aka faɗa min.

Toh ina lokacin yake? Da safe in an idar da asuba akwai karatun yara da shirin makaranta, ni ne mai kai su, ga shi kuma lokacin hunturu ne, wanda ya san Jos ya san abin da ake nufi da sanyin Disamba da Janairu, garin da ke kan tudu sama da mita 1,200, iska na kaɗawa kamar za ta tsaga maka fuska, ruwan alwala ma sai an dafa. Da rana shago. Da yamma kuma lokacin ne kwastomomi ke zuwa bayan sun tashi daga ofis ko kasuwa, mai karɓar ɗinki, mai kawo shadda, mai zuwa rigima kan alkawari. Ba na rufe shago sai bayan isha'i. Don haka da wani abokina mai sayar da waya a wajen Terminus ya ce min suna da tim na magidanta suna buga ƙwallon mutum biyar-biyar da daddare a wani fili mai ciyawar roba, ana haɗa kuɗi a kama awa, sai na ga ai Allah ne ya kawo min mafita. Ana farawa wajen ƙarfe tara, a tashi goma da rabi, wani lokacin har sha ɗaya in wasa ya yi daɗi.

Kuma gaskiya ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Rabona da taɓa ƙwallo tun ina yaro a filin makarantar unguwarmu. Ka shiga filin nan an kunna manyan fitilu farare ƙal kamar rana tsaka, sanyi na busawa kowa da hular sanyi da safa, minti goma da farawa sai ka ga an fara cire suwaita ana jefarwa gefe, tururi na tashi daga kawunan mutane a cikin hasken fitila. Filin ƙarami ne babu inda za ka ɓuya ka huta, kana kai hari yanzu yanzu kuma an juyo kana gudun komawa gida, ga dokar duk wanda aka ci ya fita wasu su shigo, don haka babu mai son a ci shi, magidanci mai 'ya'ya biyar sai ka ga yana ihu yana rantsuwa kan an taɓa da hannu. A nan na san wasu mutane da har yau muna zumunci, akwai direba, akwai malamin makaranta, akwai mai kayan gwari daga Farin Gada, Musulmi da Kirista duk tare, abin da ba ko'ina ake samunsa a garin nan ba, kuma wannan ma kaɗai ya sa wurin ya shiga raina.

In an tashi ba gida ake wucewa ba, teburin mai shayi ake sauka. Yunwa ta bayan ƙwallo ba ta da kunya, Indomie biyu da ƙwai, shayi mai kauri a ce a ɗan zuba Nescafe, wani kuma ya sayo lemon ƙarin kuzarin nan na gwangwani, in an ci sa'a akwai mai dafa ataya a gefe sai an sha zagaye biyu ana musun Arsenal da Chelsea. Kafin in shiga gida sha ɗaya da rabi ta wuce, in watsa ruwa in kwanta.

Nan ne fa abin yake farawa. Jiki ya gaji iyakar gajiya, cinyoyi na zogi, amma ido garau. In na sa kunne a filo ina jin bugun zuciyata a ciki, dum dum dum, kamar ban bar filin ba. Ƙafafuna da zafi, a cikin sanyin Jos da kowa ke ƙudundune cikin bargo biyu ni sai na fito da su waje. Kai kuma ya ƙi yin shiru, ƙwallon da na ɓarar a bakin raga ya dawo min, maganar da wani ya faɗa min a fili ta dawo, daga nan a zarce lissafin ɗinkin da ban gama ba da kuɗin makarantar yara. In juya dama in juya hagu, in yi addu'o'in kwanciya in sake maimaitawa, in ɗauki waya in duba lokaci, ɗaya ta wuce, tunda wayar na hannu kuma sai a ɗan leƙa Facebook, biyu ta yi. Wani lokacin sai wajen uku bacci ke ɗauka ta, shi ma ba mai nauyi ba, motsi kaɗan na farka, ƙarfe biyar kuma ladan ya kira.

Abin da ya fi ci min rai asuba ce. Ni mutum ne da tun tasowata mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya saba mana da sahun farko, sai ga ni ina jin ana tayar da sallah ina kan katifa jiki ya ƙi ɗaguwa, wata rana in samu raka'a ɗaya wata rana in yi a gida. A shago kuma da hantsi idanu na ruwa, zare ya ƙi shiga allura, in auna yadi in manta in sake aunawa, almakashi na hannu ina tsoron sa shi a shaddar mutane mai tsada. Faɗa da yaran shago kan abin da bai kai ya kawo ba. Don in iya kai yamma sai in sa a kawo goro in ɓantara, a haɗo Nescafe bayan azahar, wani bayan la'asar. Na koma asibiti awo, jinin bai wani sauka ba duk da gudun da nake sha, na fito jikina a sanyaye ina tunanin to me kuma ya rage.

Kowa da abin da ya ce. Wasu suka ce tunani ne ya yi min yawa, rayuwa ta yi tsada dama waye ba ya tunani. Wasu suka ce maleriya ce ko taifod in je a yi gwaji, na je babu komai. Hajiyarmu ta ce a nemi addu'a, ta aiko da rubutu da tazargade na turare, na karɓa na gode mata. Wani ya kawo min shawarar ƙwayar bacci daga kemis, wannan kam na ƙi, don na ga yadda ta yi da wani maƙwabcinmu da ya fara da rabi ya koma ba ya iya runtsawa sai da ita.

Maman yara ce ta fara gano bakin zaren. Wata safiya tana zuba min kunu ta ce, Malam ni fa na lura da wani abu, duk daren da ba ku da ƙwallo kafin goma da rabi ka yi bacci har da munshari, ranar da kuka buga ne kake kwana juyi. Na ce anya kuwa, ai gajiya ita ke kawo bacci, ba ki ga lebura ba in ya wuni yana ɗaukar bulo ko a kan benci sai ya yi bacci. Ta ce lebura da rana yake aikinsa, kafin magariba ya tashi. Maganar ta tsaya min a rai, na fara lura da kaina, kuma haka ɗin ne, babu daren ƙwallon da ya zo min da bacci da wuri.

Ana cikin haka wani kwastomana ya zo awon kaftani na bikin ƙanwarsa, likitan fisiyo ne, irin masu gasa jiki da koya wa masu shanyewar ɓarin jiki tafiya. Ina zagaya tef a ƙirjinsa ina hamma, ya ce Oga tela lafiya kuwa, idonka ya faɗa. Na kwashe labari na ba shi tun daga hawan jinin har ƙwallon. Allah ya saka masa da alheri, mutumin nan ya ja kujera ya zauna kamar ba shi da wurin zuwa, ya ce ƙarfe nawa kuke tashi daga fili, ƙarfe nawa kake kwanciya, me kake sha a tsakani. Da na faɗa masa sai ya girgiza kai ya ce ai ko shi ne ya yi haka ba zai yi bacci ba.

Ya ce jikin mutum yana da agogonsa. Zafin cikin jiki ba ɗaya yake ba duk wuni, yana hawa a hankali har ya kai ƙololuwa wajen yamma, in dare ya yi sai ya fara sauka, kuma wannan saukar tana cikin abubuwan da ke gaya wa ƙwaƙwalwa lokacin bacci ya yi. Gudu mai tsanani yana ɗaga zafin nan sama, ya ɗaga bugun zuciya, ya sa jiki ya saki sinadaran da ke sa mutum a shirye kamar adirenalin, su kuma ba sa sauka don kawai an hura usur an tashi. Ya nuna dutsen gugar da ke kan tebur ya ce, in ka zare shi daga wuta yanzu za ka iya ɗora tafin hannunka a kai? Na ce a'a sai ya huce. Ya ce to kai ma sai ka huce, kuma gwargwadon wahalar da ka sha gwargwadon lokacin da hucewar za ta ɗauka. Ya ce ƙwallon gasa ta fi gudun kai kaɗai tayar da hankali ma, saboda akwai ihu da musu da son cin nasara, zuciya ba ta kwanciya da wuri bayan irin wannan.

Sannan ya zo kan fitila. Ya ce akwai wani sinadari melatonin da ƙwaƙwalwa ke fara saki in duhu ya yi, shi ke jawo bacci, haske mai ƙarfi kuma yana danne shi, to ka je ka tsaya awa ɗaya da rabi ƙarƙashin manyan fitilu farare daidai lokacin da ya kamata ya fara fitowa, ka dawo gida kuma ka haska waya a fuska. Na ukun shi ne teburin mai shayi. Kafeyin da ke cikin Nescafe da shayi da ataya da goro da lemon kuzarin nan, ya ce wajen awa biyar yake ɗauka kafin rabinsa ya bar jini, rabi fa ba duka ba, don haka abin da ka sha sha ɗayan dare yana nan tare da kai har asuba, na bayan la'asar ma bai gama fita ba lokacin da ka ƙara wani a kai. Ga ciki cike da Indomie da ƙwai ka kwanta a kansa. Ya ce kuma rashin isasshen bacci shi kansa yana taimaka wa hawan jini, babban mutum yana buƙatar awa bakwai zuwa tara, ni kuma ina samun uku ko huɗu, to abin da gudun ya gyara rashin baccin yana ɓatawa.

Na ce to Likita kenan motsa jiki da dare haramun ne a likitance? Ya yi dariya ya ce a'a, kar in fahimce shi ba daidai ba. Ya ce da can haka ake gaya wa mutane, kar a motsa jiki da yamma kwata-kwata, amma da aka bincika sai aka ga ba haka abin yake ba. Ya ba ni labarin wasu masana a Zurich ta ƙasar Suwizalan da suka tattara bincike 23 a 2018, suka ga motsa jikin yamma matsakaici ba ya ɓata bacci, inda matsala take shi ne mai tsanani da aka gama ƙasa da awa ɗaya kafin kwanciya. Sai kuma wani babba da jami'ar Monash ta Ostireliya ta fitar a 2025, sun bi mutum kusan 15,000 masu ɗaura na'urar nan ta hannu mai auna bugun zuciya da bacci, suka ga wanda ya yi tirenin mai wahala cikin awa huɗu kafin lokacin baccinsa yakan makara wajen yin bacci, baccin ya gajarta, zuciya kuma ta kwana tana bugawa sama da yadda ta saba, kuma duk yadda wahalar ta ƙaru ko ta matso kusa da kwanciya haka abin ke ƙaruwa. Ya ce abu biyu za ka riƙe, ƙarfin abin da ka yi da kuma tazarar da ka bari. Ni nawa ya haɗa duka, mai tsanani ne kuma a bakin kwanciya.

Daga nan na sake tsari. Abin da ya fi wuya shi ne barin shago bayan la'asar, don tela ya san wannan ne lokacin kasuwa, amma ina da babban yaro da ya daɗe a hannuna ya iya awo ya iya magana da mutane, na ce masa daga huɗu da kwata zuwa biyar da rabi shago na hannunka, wanda ya ce sai ni ka ce ya dawo bayan magariba. Ya ce to Oga. Ina idar da sallah in sa kambas in fita, wata rana in nufi wajen filin wasa na Rwang Pam in zagayo, wata rana in miƙe Bauchi Road har wajen jami'a in juyo. Jos ba ta buƙatar inji, garin duk hawa da gangara ne, tafiya da sauri kawai in ka haɗu da tudu ɗaya za ka ji numfashi ya canza, inda hanya ta miƙe babu keke Napep da yawa sai in ɗan yi sassarfa. Wani abin da na lura, ƙarfina a wannan lokacin ya fi na dare nesa, gwiwa ba ta ƙara, jiki a sake yake, da na gaya wa likitan fisiyon nan ya ce dama haka ne, ƙarfin tsoka yakan fi kyau da yamma lokacin da jiki ya ɗumama. In dawo in yi wanka in yi magariba a masallacin kusa da shago, in ci abincin dare da wuri, daga azahar kuma na yanke goro da Nescafe gaba ɗaya, da daddare in ina son abu mai zafi sai a dafa min citta da kanumfari.

Ba a dare ɗaya baccin ya dawo ba, satin farko ma ciwon kai na sha saboda rashin Nescafe ɗin, jiki kuma ya riga ya saba da raba dare. Amma a hankali sai na ga goma na yi ido ya fara nauyi da kansa, in kwanta ban san lokacin da na tafi ba. Ranar da na farka da kaina kafin ladan ya kira, na yi alwala na taka zuwa masallaci na tarar ana buɗe ƙofa, wallahi sai da na ji ƙwalla, don na yi kewar wannan. Da na koma awo bayan wani lokaci likitan asibiti ya ce jinin ya yi kyau, in ci gaba da abin da nake yi. Maganin dai ina nan ina sha ban daina ba, kuma ina roƙon duk mai hawan jini kar ya ajiye magani don ya fara gudu, sai abin da likitansa ya ce.

Abokan ƙwallo ba su ji daɗi ba da farko, har da masu cewa madam ce ta hana, ni ma kuma na yi kewarsu sosai, don ba gudun kaɗai ke kai mutum wurin ba. Da na zauna na yi musu bayani sai ga shi ashe ba ni kaɗai ba ne, direban nan ya ce shi ma ranar ƙwallo ba ya bacci kuma da sassafe yake ɗaukar hanyar Abuja da fasinja, wannan ta tsorata ni ƙwarai, mutum ya kwana ido biyu ya kama sitiyari ya gangara Hawan Kibo da rayukan mutane a bayansa. Mai kayan gwarin ma ya ce tun kafin gari ya waye motocin tumatir da kabeji ke shigowa Farin Gada, a gigice yake zuwa. Muka yi magana da mai filin ya ba mu Asabar bayan la'asar, kuɗin ma ya fi sauƙi tunda ba a kunna janareto. Waɗanda suka fi son na dare suna nan suna yi, mu kuma magidanta muka koma na yamma.

Ban ce kowa irina ba ne. Akwai yaro a shagona ɗan shekara ashirin da wani abu, zai buga ƙwallo har sha ɗayan dare ya sha shayi ya je ya kwanta kamar an yanka shi, amma shi ba shi da yaran kaiwa makaranta, kuma in ka bibiya bayan asuba komawa yake sai takwas. Akwai kuma waɗanda Allah ya yi su 'yan dare ne tun asali, akwai masu gadi da ma'aikatan asibiti da aikinsu ya juya musu lokaci. Ni dai a ganina wanda ranarsa ke farawa daga kiran asuba, yana son ya kwanta goma, to duk wani abu mai sa haki sosai ya gama shi kafin magariba. Wanda kuma da gaske ba shi da wani lokaci sai dare, kar ya ce ya fasa gaba ɗaya, zaman nan ya fi cutarwa, sai dai ya sassauta, ya yi tafiya ko miƙe jiki ko keke a hankali, ya bar ko awa biyu tsakaninsa da katifa, ya rabu da shayin bayan fili. Ni kaina yanzu bayan isha'i nakan taka a hankali zuwa gidan Hajiya in gaishe ta in dawo, wannan tafiyar ba ta taɓa hana ni bacci ba, tana ma sa abinci ya faɗa. Kuma dama ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son bacci kafin isha'i da hira bayanta, mun sha ji a wajen karatu tun muna yara.

Na safe ma na gwada shi lokacin da yara suka samu hutu, kuma yana da daɗinsa, gari shiru iska mai tsabta, hasken safiyar nan yana sa mutum ya ware ya kuma ji bacci da wuri in dare ya yi, likitan ma ya ce hasken safe na taimakawa wajen saita agogon jiki. Sai dai a sanyin Jos jiki a sandare yake da asuba, dole ka fara a hankali ka ɗumama kafin ka ce za ka yi gudu, kuma lokacin hazo ƙurar na shiga maƙogwaro. Da aka koma makaranta na koma na la'asar ɗina.

Damina ce ke ɗan kawo cikas, don ruwan Jos yana son yamma, sai ka sa takalmi hadari ya haɗo ta wajen Dutsen Shere kafin ka kai bakin titi an kece. Irin wannan ranar na sayi igiyar tsalle na ajiye a shago, in ture tebur gefe in yi abin da ya samu, ko in hau benen da ke bayanmu in sauko in sake hawa har in yi gumi.

Sai azumi, wanda shi ne babban gwajin tela, ɗinkin sallah ya taru ana kwana a shago, ga matasa sun mayar da bayan tarawihi lokacin ƙwallo har sha biyu da ɗaya, sannan a tashi sahur ƙarfe huɗu. A azumi ba na gudu ko kaɗan, tafiya nake a hankali kamar minti ashirin dab da shan ruwa yadda ina dawowa ana kiran magariba, in samu ɗan baccin rana bayan azahar a kan tabarma a bayan shago. Ɗinki kuma tun daga tsakiyar Sha'aban nake rufe karɓar sabo, wanda ya kawo bayan nan in ba shi haƙuri in tura shi wajen wani abokin sana'a, don sha ɗaya na yi nake kashe keke in sallami yara.